Kundin aikin domen: daga rajistar suna zuwa riƙe sabar DNS da hannuna

1 ga Satumba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don na san halina. In na gyara abu yau, nan da mako biyu na manta ta inda na bi. Abin da nake so in kammala cikin wata biyu: in yi rajistar sunan shafi a intanet, wato domen, in ɗora ƙaramin shafi da zan riƙa zuba darussan lissafin da nake rubutawa, in samu imel mai ɗauke da sunan, sannan in riƙe sabar sunayen, wato kwamfutar DNS mai juya suna zuwa lambar adireshi, da kaina maimakon in bar wa kamfani. Na ƙarshen nan ba dole ba ne, son sani ne kawai.

A nan zan riƙa rubuta example.com a madadin ainihin sunan. An keɓe shi musamman domin misali, babu mai iya yin rajistarsa.

2 ga Satumba

Na yi rajista. Sunaye huɗu na farko da na gwada duk suna hannun wasu, biyu daga ciki ma ba a ɗora komai a kansu ba, an dai ajiye su ana jiran mai saye. Na so in sa kalmar da ke da ƙ a ciki, sai na ga cewa DNS a ƙasansa haruffan a zuwa z ya sani, da lambobi, da karan ɗori. Duk harafin da ya fita daga nan sai an juya shi zuwa wata siffa mai farawa da xn--, kamar yadda münchen ke komawa xn--mnchen-3ya. Na tuna mutanen da za su buga sunan a waya, na haƙura, na zaɓi kalma marar ƙugiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai yau: ban sayi komai ba. Haya na kama. Mu uku ne a cinikin, da ni, da dillalin da na biya, da mai riƙe da babban kundin .com, wato kamfanin Verisign. Dillali yana shigar da sunana ne a kundin wancan, kuma iyakar abin da zai iya shigarwa shekara 10 ne. A saman su biyun akwai ICANN, wadda aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya, ita ke ba dillalai izini, ita ke ƙulla yarjejeniya da masu kundi.

Kuɗi: na biya na shekara ɗaya. Sai da na gama na duba ƙasan shafin na ga kuɗin sabuntawa ya kusa ninka na farko. Sun kuma jera min wasu ƙarin kaya guda biyar kafin in kai wurin biya, na cire su duka.

4 ga Satumba

Na yi niyyar ɗora shafin a tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ɗaki. Bai yiwu ba, kuma dalilin ya ci min yini guda. Kwamfutar tana nuna adireshi mai farawa da 192.168, wannan na cikin gida ne, miliyoyin gidaje suna amfani da irinsa a lokaci guda. Na duba na'urar da ke rarraba mana intanet, ita kuma adireshinta na waje ya fara da 100.64. Ashe shi ma ba na waje ba ne. Kamfanin da ke ba ni intanet ya tara mu da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka daga waje ba wanda zai iya ƙwanƙwasa ƙofata kai tsaye.

Dalili kuwa ƙarancin lambobi ne. Tsohon tsarin, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa. IANA, hukumar da ke riƙe da rumbun lambobin, ita ce ke raba manyan kaso ga hukumomi biyar na yankuna: AFRINIC ta Afirka, ARIN ta Arewacin Amurka, RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC ta Asiya da Fasifik, da LACNIC ta Latin Amurka. Su kuma su raba wa kamfanoni. A ranar 3 ga Fabrairu 2011 IANA ta miƙa kaso biyar na ƙarshe da suka rage mata, kowace hukuma ɗaya, rumbu ya ƙare.

Na kama hayar ƙaramar sabar, biyan wata-wata. Adireshin sabon tsarin, IPv6, sun ba ni ba tare da ƙarin kuɗi ba, na IPv4 kuwa sai da na ƙara. Nan kaɗai ya isa ya nuna wanne ne ya yi ƙaranci.

6 ga Satumba

Na shigar da layi biyu a kundin sunan a shafin dillali: A mai nuna adireshin IPv4, da AAAA mai nuna na IPv6. Sannan na buga dig +trace example.com, umarnin da ke nuna yadda ake neman suna mataki-mataki, na zauna ina kallon tambayata tana tafiya.

Ga yadda na fahimce shi. Burauza ba ta zuwa neman adireshi da kanta, ɗan aike take turawa, wata sabar da aikinta ke nan. Ɗan aike ya fara da saiwa, wato sabobin da ke saman tsarin gaba ɗaya. Saiwa ba ta san shafina ba, cewa take yi: ban sani ba, amma ga masu riƙe da .com. Ya je can, su ma su ce: ba mu san adireshin ba, amma ga sabobin da mai sunan ya wakilta. Sai a zango na uku ake ba shi lambar. Babu wanda ya riƙe komai gaba ɗaya, kowa ya san na ƙasa da shi ne kawai.

Sunayen sabobin saiwa 13 ne, daga a.root-servers.net zuwa m.root-servers.net, ƙungiyoyi 12 ke tafiyar da su, Verisign na da biyu. Da na ɗauka kwamfutoci 13 ne a duniya. A'a, kowane suna yana da kwafi a wurare da yawa masu amsa adireshi ɗaya, jimillarsu ta haura dubu.

Kafin wannan tsari, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT, ana ajiye shi a cibiyar SRI a Kalifoniya ƙarƙashin Elizabeth Feinler, kowa ya sauke kwafinsa. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Sunan .com na farko, symbolics.com, an yi rajistarsa ranar 15 ga Maris 1985.

8 ga Satumba

Na sa CNAME, layin da ke cewa wannan suna laƙabin wancan ne, don www ya riƙa bin babban sunan. Na gwada sa CNAME a kan babban sunan kansa, aka ƙi. CNAME ba ya zama da kishiya, wato wani layi a kan suna ɗaya, shi kuwa babban suna dole yana ɗauke da NS mai nuna sabobin sunan da SOA mai ɗauke da bayanan kundin.

11 ga Satumba

Kuskure na farko mai ciwo, kuma nawa ne ɗungurungum. Na canza sabar zuwa wata mai ɗan girma, adireshi ya canza. A ce sabon shi ne 203.0.113.25, ni kuma na buga 203.0.113.52. Na tura wa yayana sunan don ya gani, ba a yi minti goma ba ya kira.

"Kai, shafin nan da ka turo min na wasu ne fa. Ba lissafi a ciki."

Na duba, na ga juyin lambar, na gyara nan take. A wurina ya dawo daidai bayan na koma tambayar wani ɗan aiken. A wurinsa ko gezau.

"Yaya, ka yi haƙuri zuwa gobe, ba daga wayarka ba ne."

Kowace amsa a DNS tana tafe da wa'adinta, TTL, wato daƙiƙa nawa aka yarda ɗan aike ya riƙe ta kafin ya sake tambaya. Nawa 86400 ne, awa 24 cif. Ɗan aiken kamfanin wayarsa ya karɓi amsar banza, kuma ni da kaina na ce masa ya riƙe ta yini guda. Ba ni da hanyar da zan kira shi in ce ya zubar.

Mutane kan ce a jira canji ya "yaɗu". Ba abin da ke yaɗuwa. Tsofaffin amsoshi ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a ma'ajiyoyi daban-daban. Daga yau, kwana ɗaya kafin kowane canji zan sauke wa'adin zuwa 300, in komai ya zauna in mayar da shi.

14 ga Satumba

Darussa shida sun hau. Ba matsala.

18 ga Satumba

Da safe shafin ya ɓace. Ba kuskuren adireshi ba ne wannan karon, dig cewa ya yi NXDOMAIN, wato babu wannan suna sam. Na shiga sabar ta lambarta, lafiyarta ƙalau. Na duba kundin a shafin dillali, layukan duk suna nan. Na sake kunna abin da bai kamata in taɓa ba har sau biyu. Kusan awa uku ina laluben ɗaki alhali matsalar tana bakin ƙofa.

Sai da na sake bin +trace na lura tafiyar ta tsaya a zango na biyu. Sabobin .com ne da kansu ke cewa ba su san ni ba. Na duba bayanan rajista, ga kalma ɗaya a rubuce: clientHold. Dillali ya sa a cire sunan daga jerin da ake amsawa.

Dalili: ƙa'idar ICANN ta wajabta wa dillali ya tabbatar da imel ko lambar wayar mai rajista, in kwana 15 suka wuce ba amsa, a dakatar da sunan. Sun turo saƙon tun ranar 2 ga wata, ya faɗa akwatin tarkace, na tunatarwa ma can ya bi shi. Na latsa mahaɗin, bayan kamar awa ɗaya suka ɗage. Wasu wuraren sun ɗan ƙara jinkiri, don ashe amsar "babu" ma ana ajiye ta na wani lokaci.

Raina ya ɓaci da dillalin, don na shiga shafinsu ya fi sau ashirin a kwanakin nan, ko jan rubutu ɗaya ba su nuna min ba. Amma ƙa'idar ba su suka ƙirƙira ba, kuma saƙon sun turo.

Wani abu da na tsira daga gare shi da ƙyar: na yi niyyar mayar da imel ɗin rajista zuwa sabon da zan buɗe a ƙarƙashin wannan sunan. Da na yi haka, ranar da aka dakatar da suna, saƙon da zai cece shi ba shi da inda zai sauka. Makullin ɗaki ke nan a cikin ɗakin da aka kulle.

22 ga Satumba

Imel. Ban yarda in riƙe sabar imel da kaina ba, na biya wani kamfani, na nuna MX, layin da ke faɗin inda za a kai wasiƙu, zuwa gare su. Saƙon gwaji na farko ya shiga tarkace. Na sa layi biyu na SPF, mai faɗin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunana, ɗaya na kamfanin, ɗaya na sabar shafi, alhali layi ɗaya tak ƙa'ida ta yarda da shi. Na haɗe su. Na ƙara DKIM mai sa wa saƙo hannu, na sa DMARC, mai faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin, a matakin sa ido kawai. Duk ukun a layin TXT, na rubutu zalla, suke zaune. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara a kan waɗannan, don haka ba kwalliya ba ce.

27 ga Satumba

Takardar shaidar tsaro daga Let's Encrypt, kyauta, kwana 90, tana sabunta kanta. Minti goma. Da ma komai haka yake.

4 ga Oktoba

Na fara babban aikin. Na ɗora NSD, manhajar sabar sunaye daga NLnet Labs ta ƙasar Holan, a sabar farko, na kama hayar ta biyu a wani kamfani daban, a wata nahiya daban. Kuɗin wata ya ƙaru da kusan rabi. Na raɗa musu ns1.example.com da ns2.example.com.

Nan na ci karo da tambayar kaza da ƙwai. Don a san adireshin example.com sai an tambayi ns1.example.com, don a san na ns1 kuma sai an tambayi masu riƙe da example.com, wato shi ns1 ɗin. Maganin shi ne in kai sunayen biyu da lambobinsu wurin dillali ya shigar a kundin .com, ta yadda in sun ce "je ka wurin ns1" za su haɗa da lambarsa. Wurin shigar da su a shafin dillali yana ɓoye can ƙasa, sai da na yi ta tono.

Yau shekara huɗu cif da ranar da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, 4 ga Oktoba 2021, lokacin da hanyoyin zuwa sabobin DNS ɗinsu suka janye daga intanet. Wannan ne ya sa ban ajiye ns2 kusa da ns1 ba.

6 ga Oktoba

Na juya wakilci zuwa sabobina. Wa'adin NS a kundin .com 172800 ne, kwana biyu, don haka na bar tsohon kundin a raye har sai kowa ya juyo.

8 ga Oktoba

Ɗigo ɗaya ya kashe min imel na kwana guda da rabi.

A shafin dillali mutum yana cike akwati ne, su gyara masa sauran. A fayil ɗin da na rubuta da hannu ba mai gyara min. Na rubuta layin MX haka: mx.example.net, ba ɗigo a ƙarshe. A wannan fayil, duk sunan da bai ƙare da ɗigo ba ana ɗaukarsa guntu ne, sai a liƙa masa sunan yankin a baya. Abin da sabata ke faɗa wa duniya shi ne a kai wasiƙuna mx.example.net.example.com, wurin da babu shi. Manhajar ba ta yi ƙorafi ba, don ban karya ƙa'idar rubutu ba, ƙarya kawai na rubuta da kyau.

Shirun akwatin ne ya sa na yi zargi. Na tura wa kaina saƙo daga wani adireshi, bai iso ba. Na buga dig MX, na ga dogon sunan nan ya fito kamar an ɗaura wa akuya jelar saniya.

Ɗigon ƙarshen nan ita ce saiwa. Kowane suna a intanet da ita yake ƙarewa, burauza ce ke ɓoye mana.

Na gyara, ns1 ya amsa daidai, ns2 ya ci gaba da faɗin tsohon. Na manta ban ƙara lambar SOA ba, ita kuwa ta biyu da wannan lambar take gane an yi canji. Yanzu ina rubuta ta da kwanan wata: 2025100802.

12 ga Oktoba

Na buɗe ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS ke shigowa ta cikinta, ga hanyar UDP, na manta da ɗaya hanyar, TCP. An gyara.

15 ga Oktoba

Na nemi ƙaura zuwa wani dillalin mai sauƙin sabuntawa, aka ce sai suna ya cika kwana 60 da rajista, wato 1 ga Nuwamba. Na kuma karanta cewa canza bayanan mai suna na iya jawo wani kullen na kwana 60, don haka ba zan taɓa komai a wurin ba sai na ƙaura.

Na so in sa PTR, mai juya lamba zuwa suna, na ga ba a kundina yake ba. Yana ƙarƙashin in-addr.arpa, a hannun mai lambar, wato kamfanin sabar. Sarƙar suna daban, sarƙar lamba daban. Na cike a shafinsu.

21 ga Oktoba

DNSSEC. Asalin DNS ba shi da hanyar tabbatar da cewa amsa daga mai sunan ta fito, abin da Dan Kaminsky ya nuna haɗarinsa a 2008. Da DNSSEC kowace amsa tana da sa hannu, kuma na sama yana shaidar mabuɗin na ƙasa: saiwa, wadda aka sa wa hannu a Yulin 2010, ta shaidi .com, .com ta shaide ni ta wani layi da ake kira DS. Na ƙirƙiri mabuɗai, na sa hannu, na kai DS wurin dillali. Ya yi aiki.

23 ga Oktoba

Garin neman ƙiba na samo rama. Jiya da dare na ga wurin ajiyar mabuɗan bai min tsari ba, na share na ƙirƙiri sababbi, na sake sa hannu, na kwanta. DS da ke kundin .com kuwa yana nan yana shaidar tsohon mabuɗin da na kashe.

Da safe 8.8.8.8 da 1.1.1.1, 'yan aike biyu masu duba sa hannu, duk suka ce SERVFAIL, wato sun kasa ba da amsa. Wani ɗan aiken da ba ya duba sa hannu kuma yana amsawa lafiya, shi ya sa wasu ke ganin shafin wasu ba sa gani. Da na ƙara +cd a dig, wato kar a duba, amsa ta fito. Nan na gane. A idon masu dubawa ni ɗan damfara ne mai kwaikwayon kaina.

Tsohon mabuɗin ba shi da kwafi. Na sa sabon DS, amma wa'adin DS a .com awa 24 ne, don haka wasu sai da suka kwana suna ƙina. Hanyar da ta dace ita ce sabo da tsoho su zauna tare, a sa sabon DS, a jira wa'adi ya wuce, sannan a janye tsohon. Na sani a karatu tun kafin in yi. Yanzu mabuɗan suna da kwafi a wuri biyu.

28 ga Oktoba

Shiru. Darussa sun kai goma sha tara.

1 ga Nuwamba

Kwana 60 sun cika. Na cire kulle, na karɓi lambar sirrin ƙaura, na ba sabon dillali bayan na tabbatar yana karɓar DS. Na biya kuɗin shekara ɗaya, wadda za a ɗora a kan wadda nake da ita.

6 ga Nuwamba

Ƙaura ta kammala, tsohon dillali ya cinye kwana biyar ɗin da ƙa'ida ta ba shi. Shafi bai ɗauke ko na minti ɗaya ba, tunda sabobin sunan nawa ne, dillalin kawai aka canza. Na duba NS da DS da lambobin ns1 da ns2 a kundin .com, duk suna nan. Sunan zai ƙare 2 ga Satumba 2027.

Na kunna sabuntawa ta atomatik, amma ban dogara da ita ba, katin banki ma yana ƙarewa. In suna ya faɗi har dillali ya goge shi, akwai kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sai kwana 5 na jira, daga nan ya koma kasuwa kowa ya ɗauka.

Abin da ya rage: sa hannun DNSSEC da na yi ranar 22 ga Oktoba kwana 30 na ba shi, zai mutu 21 ga Nuwamba, kuma har yanzu da hannu nake yi. Wannan makon zan rubuta abin da zai riƙa sake sa hannu duk mako yana ƙara lambar SOA, da wani da zai riƙa tambayar 8.8.8.8 daga waje ya turo min saƙo in ya ga SERVFAIL, zuwa imel ɗin da ba na wannan sunan ba. Bayan nan in sa CAA, layin da ke faɗin wanda aka yarda ya ba sunan takardar shaidar tsaro, in duba rahotannin DMARC na wata guda kafin in tsaurara shi.